Yadda ake ɗora “jakar kuɗi” a kan sikeli

Har gobe a kasuwar Shuwarin in dattijo ya ce maka jaka biyar, naira dubu yake nufi. A da jakar ta gaske ce: fam 100 na sulalla ɗaure a jaka guda. Da naira ta zo ran 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya koma naira 2, jaka ta koma ₦200. Ina son yara su san nauyin wannan jaka da hannunsu, su kuma gwada ta da kuɗin wasu ƙasashe, don ban ga darasin lissafin da ke zama a kan ɗalibai a Dutse kamar wannan ba.

Fara da sikeli. Nemi ƙaramin nan mai batir irin na masu sayar da zinare, wanda ke nuna giram da ɓurɓushinsa. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya ce maka na mahauta ko na masu shinkafa zai yi, bai taɓa gwadawa ba, sule ɗaya ko motsa allurarsa ba ya yi. Ajiye shi a kan daɓe ko tebur marar rawa, ka kashe fanka.

Sai tara tsaba. Tsofaffin sulalla da anini mai huji suna nan a adudun kakanni, ko a Kasuwar Kurmi ta Kano. Sefa kuwa, duk mai zuwa Maigatari ran Alhamis zai taho maka da ita. Wuri a wajen ’yan koli.

Aikin gaske yana wajen awo. Kada ka auna ƙwandala ɗaya ka ce ka gama. Sulen da ya shekara aru-aru yana yawo a hannu ya siɗe, wani kuma an huda shi an yi abin wuya. Ware masu huji da masu lanƙwasa, ka ɗora goma masu kyau, ka raba abin da sikeli ya nuna gida goma. Ka duba shekara kafin ka haɗa su. Sulallan Afirka ta Yamma masu bishiyar kwakwa a baya sun fara fita a 1913, na azurfa ne, daga 1920 aka koma na jan ƙarfe mai ɗorawa-ɗorawa. Na Najeriya na 1959 mai hoton Sarauniya kuma jinsinsa daban, a auna shi shi kaɗai. Kuma don Allah kada a wanke su da lemun tsami ko toka. Ana cinye fuskar tsabar, a rage mata nauyi, a kashe mata daraja wajen masu tara kayan tarihi. Tsumma busasshe ya isa.

Sule mai kyau zai ba ka wajen giram 5.66. Fam 100 sule 2,000 ne, ke nan jaka ta haura kilo 11. Ka auni yashi daidai haka a buhu ka ba yaro ya ɗaga, sa’an nan ka ɗora takardar ₦200 mai hoton Sardauna a sikeli, ya ga da ƙyar ta kai giram guda. A Nijar jaka sefa 1,000 ce: ƙwandala goma na dala ashirin-ashirin, wato sefa ɗari-ɗari, wajen giram 70.

Don gwada ƙasa da ƙasa, raba 1,000 da nauyin ƙwandala, ka sami yawansu a kilo, ka ninka da abin da aka rubuta a jiki. Ƙwandalar yuro 2 giram 8.5 ce, kilonta ya kai yuro 235. Kwatar dalar Amurka giram 5.67, kilo dala 44. Ka mai da su duka kuɗi ɗaya da canjin rana ɗaya, ka rubuta ranar a gefe, don naira ba ta kwana inda ta yini. Sefa ba ta da wannan wahala, a ɗaure take da yuro, 655.957 ga kowane ɗaya.

Abu guda da nake nanatawa: kuɗin da aka rubuta a jikin tsaba daban, kuɗin ƙarfenta daban, kowanne da layinsa a littafi. Liyari mai hoton Maria Theresa giram 28 ne, sama da 23 a ciki azurfa zalla. Kusan duk wanda za ka gani 1780 ne a jikinsa, don an ci gaba da buga shi da wannan shekara, saboda haka kada wani ya tsuga maka kuɗi da sunan tsufa.

Wuri shi ne na ƙarshe. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari irin wannan a kan wuri 2,500. Ƙeso ɗaya wuri 20,000 ne, daidai da liyari takwas, giram 224, abin da za ka zuba a aljihu. Shi kuwa ƙeson ya wuce kilo 20, kayan ƙato guda. Ba sai ka tara ƙeso ba: ƙirga wuri ɗari masu girma ɗaya waɗanda ba a fasa bayansu ba, ka auna, ka ninka sau 200.