Tambaya da Amsa: Za Mu Raka Hajiya Alƙahira, Ina Za Mu Je, Me Za Mu Ci?

TAMBAYA

Ni da ƙanena za mu raka Hajiyarmu Alƙahira ganin likitan ido, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa fita ƙasar waje. An ce tsakanin gwaji da aiki za mu samu kwana huɗu babu abin yi, ni kuwa ba na so mu ƙare su a ɗakin otal. Waɗanne wurare suka cancanci gani, kuma ina za mu ci abinci mai kyau ba tare da an yi mana wayo ba? Hajiya tana fama da gwiwa, sannan ba ta cin abin da ba ta sani ba.

Wata mai karatu daga Funtuwa

AMSA

Allah Ya ba Hajiya lafiya, ku kuma Ya yi muku albarka.

Ku ɗauki unguwa ɗaya kowace rana, ku ci abinci a inda ƙafa ta kai ku. Alƙahira da kewayenta na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, kuma duk baƙon da ya ce sai ya haɗa gabas da yamma a yini guda, a cikin mota zai yini. Ku fita da sanyin safiya, ku dawo da azahar Hajiya ta miƙe ƙafa, bayan la'asar in da sauran ƙarfi ku sake leƙawa. Mota kuwa ku kira ta Uber, tunda kuɗin yana fitowa a waya kafin a tashi, babu ciniki.

Ku fara da Azhar. Fatimiyawa ne suka aza tubalin masallacin a shekarar 970, kuma yana da farfajiya ta farin dutse inda Hajiya za ta zauna ta huta tana kallon ɗalibai daga ko'ina a duniya. 'Yan ƙasarmu ba baƙi ba ne a wurin, domin tun ƙarnonin baya akwai sashen da aka keɓe wa ɗaliban Barno. Tsallaken titi akwai masallacin Sayyidina Husaini, a gefensa kuma kasuwar Khan al-Khalili, wadda ta faro tun ƙarni na 14. Lunguna ne matsattsu, cike da turare da carbi da fitilun tagulla da jallabiya. Kuɗin da aka fara yanka muku ba shi ne kuɗin kaya ba, ku taya ƙasa sosai, in ba a sallama ba ku yi gaba. Idan kun gaji, ku nemi gidan shayin Fishawi da ya haura shekara 200 a cikin kasuwar, inda marubuci Najib Mahfuz, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya saba zama. Ku ce a kawo shayi da na'ana'a.

Abincin ranar a nan kusa yake. Unguwar Azhar ta yi suna da tattabara, wadda ake cusa wa shinkafa ko ɗanyar alkama a ciki a dafa sannan a soya, kuma gidan Farahat na cikin waɗanda aka fi sani da ita. Ga Hajiya kuma, a tambayi mulukiya. Miyar lalo ce da aka yanka ganyen ƙanana aka dafa a romon kaza da soyayyar tafarnuwa, a zuba kan shinkafa. Da ta ga yauƙin za ta saki jiki.

Rana ta biyu ku hau ganuwar Salahuddin, wadda aka fara ginawa a 1176. A samanta masallacin Muhammad Ali yake, daga harabarsa ana hango birnin shimfiɗe. Akwai ɗan hawa, sai a bi da Hajiya sannu. A gangare akwai masallacin Sultan Hasan na ƙarni na 14, mai zaure huɗu na mazhabobi huɗu, har da namu na Malikiyya. A maƙabartar Ƙarafa da ke kusa Imam Shafi'i yake kwance, haka ma Jalaluddin Suyuɗi da ya rasu a 1505, ɗaya daga cikin malamai biyu da suka rubuta Jalalainin da ake karantawa a tafsirin azumi. Ke da kika fito daga ƙasar Katsina, ki sani Suyuɗi ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas.

Rana ta uku ta dalar Giza ce. Babbar dalar wurin, ta Fir'auna Khufu, ta kai kusan shekara 4,500, kuma da aka gama ta tsawonta ya kai mita 146. Ku isa da wuri kafin rana ta ɗaga. Kada Hajiya ta shiga ciki: hanyar matsattsiya ce, a sunkuye ake hawa, ga zafi, abin da ke ƙarshe kuma ɗaki ne da akwatin dutse babu komai. Masu raƙuma da dawaki za su yi muku caa. Wanda ba ku so ku ce masa "la, shukran" ku wuce, wanda kuke so kuma ku gama magana a kan kuɗi kafin kowa ya hau.

Rana ta huɗu ku nufi Fusɗaɗ, tushen birnin, inda Sahabi Amru ɗan Asi ya gina masallacin farko a Masar wajen shekarar 642. Kusa da shi akwai gidan tarihin da aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a 2021, ciki har da Ramsis na Biyu, wanda wasu ke cewa shi ne Fir'aunan Annabi Musa, ko da yake masana ba su haɗu a kan haka ba. Da yamma ku ɗauki kwalekwale mai filafilai a kogin Nilu na sa'a guda. Wannan yawo ne da ba ya cin gwiwa.

Sauran abinci kuwa, da safe Misirawa wake suke ci, wanda suke kira ful, da gurasa da ta'amiyya, ƙanwar ƙosai ce, sai dai cikinta kore ne saboda ganye. Da rana ku gwada kushari, kuma gidan Abu Tarik a titin Champollion da ke tsakiyar gari ya yi suna da shi. Za ki ga mai zubawa tsaye gaban manyan tukwane yana buga ludayi da sauri: shinkafa, taliya, adas, sai miyar tumatir, a rufe da soyayyar albasa. A tebur akwai kwalba biyu, ɗaya ruwan tsami da tafarnuwa, ɗaya barkono. Babu nama a ciki, ga arha, ga riƙe ciki. Zobo ma suna da shi, da sunan karkade, ga ruwan rake da ake matsewa a gabanki, wanda ake shanyewa nan take kafin ya yi duhu.

A ko'ina kuka tsaya, ku duba inda iyalan Misirawa suka cika, kuma a nuna muku takardar farashi kafin ku yi oda. Ruwa ku sha na roba. Girkinsu ba shi da yaji irin namu, don haka ki saka ƙullin yaji da garin kunu a jaka saboda ranar da Hajiya za ta ce ita dai na gida. Ki tambayi likita abin da aka hana ta ci kafin aiki. Ku riƙe ƙananan kuɗi a hannu, domin mai ajiye takalma a masallaci da mai ɗaukar kaya duk suna sa ran ɗan ihsani. Katin rigakafin shawara kuma ya zauna tare da fasfo, don ana iya tambayarsa a filin jirgi.

Allah Ya sa a yi aiki a sa'a, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.