Mai Fito Tsakanin Ruwa Da Mai

'Yan'uwana ɗalibai, sa'ad da aka aike mu gwajin koyarwa bara, ni aka ba ni aji shida a wata makarantar firamare kusa da Kagoro. Ran nan ina ba da darasin tsabta, na ce da mai a ke yin sabulu. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai mai da ruwa ba su haɗuwa. Ƙaƙa ruwan toka ya ke cin manja har ya zama sabulu?" Na buɗe baki, ban sami abin faɗa ba. Na ce mata mu bari sai gobe. Goben nan kuwa ba ta zo ba har muka komo kwaleji. Kunyar wannan rana ce ta sa na shiga bincike. Ga abin da na samo, ko wani zai amfana.

Bari mu fara daga gida. Duk wanda ya taɓa ganin iyayenmu mata suna dafa sabulun salo ya san aikin ba na rago ba ne. Za a tace ruwan toka, a zuba manja ko man kaɗe, a aza bisa wuta, a yi ta tuƙi. Da fari man yana bisa, ruwan toka yana ƙasa, ba su gamuwa sai a wurin da fuskar wannan ta taɓa ta wancan. Nan kaɗai aiki ke ci. Tuƙin ne ke farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, wuraren gamuwa su yawaita. Da ɗan sabulu ya fara samuwa kuwa, shi kansa sai ya riƙe ɗigon nan kada su koma su haɗe, gama ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa, da wutsiya mai son mai. Shi ya sa farkon dahuwa ke da nawa, daga baya aiki ya yi sauri. Amsar yarinyar ke nan.

To, wahalar nan ta mai sabulu ita ce kuma wahalar manyan masana'antu. Sau da yawa a kan so a haɗa abu biyu, ɗaya dangin gishiri ne, ba ya narkewa sai a ruwa, ɗaya kuwa dangin mai ne. A shekarar 1971 wani masani a Amurka, Charles Starks, ma'aikacin kamfanin Continental Oil, ya buga labarin wani gwaji. Ya ɗauki wani mai da a ke kira kuloro-oktan, ya haɗa shi da ruwan gishirin sayanaid. An tafasa, an motsa kwana da kwanaki, ba abin da ya auku. Sa'an nan ya ƙara wani irin gishiri ɗan kaɗan, wajen kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Cikin wajen sa'a biyu aiki ya kusa ƙarewa ƙaf. Tun kafin wannan, a cikin shekarun 1960, Makosza a ƙasar Folan da Brandstrom a ƙasar Suwidin sun taɓa irin wannan dabara.

Mene ne asirin gishirin nan? Ku tuna da kogi ya kawo ruwa da damina, masu saye suna wannan gaɓa, masu sayarwa suna waccan. Kome ɗokinsu, kasuwa ba ta ci sai mai fito ya zo. Ƙwayar gishirin nan tana da naitirojin ko fosfaras a tsakiya, da hannuwa huɗu dangin mai kewaye da ita. Saboda tsakiyar tana iya riƙe sayanaid, saboda hannuwan kuma mai ba ya ƙinta. Sai ta ɗauko sayanaid daga ruwa, ta ƙetare da shi cikin man. Can sayanaid ya ture kulorin ya zauna a gurbinsa. Ita kuwa ta ɗauko kulorin ɗin ta kawo ruwa, ta sāke ɗaukan wani sayanaid. Jirgin ba ya ƙarewa, kai da kawo kawai ya ke yi, shi ya sa ɗan kaɗan ya isa. A lura da bambanci: sabulu yawaita gaɓa ya ke yi, wannan kuwa ƙetarar da kaya ya ke yi.

Akwai kuma wani irin mai fito, mai siffar zobe, wanda Charles Pedersen na kamfanin DuPont ya bayyana a 1967, har ya sami rabo cikin lambar Nobel ta 1987. Kun san garin nan mai launin shunayya da a ke jiƙawa a wanke miki da shi a asibiti. A ruwa ya ke narkewa, ba ya shiga man benzin. Amma in an sa zoben nan, sai benzin ɗin ya rine ya zama shunayya, ido yana gani.

Amfanin dabarar nan ba kaɗan ba ne. Dā sai a nemo wani ruwan narkarwa mai tsada wanda zai ɗauki abu biyun duka, a kuma sha wahalar raba shi da kaya a ƙarshe. Yanzu ruwa da soda da ɗan mai fito kan wadatar, wuta ma ba sai mai yawa ba. Da haka a ke yin waɗansu magungunan asibiti, da na ƙwarin gona, da turare, da roba.

Ga gwajin da za mu iya yi a aji. Sayanaid mugun dafi ne, kada kowa ya neme shi. A sami kwalba biyu, a zuba ruwa da man gyaɗa cikin kowace. A kankare ɗan sabulu cikin ɗaya. A ba yara biyu su girgiza, a ajiye, aji su ƙirga su ga wadda ta riga rabuwa. Kada malam ya faɗi dalili, sai yaran sun gwada faɗi tukuna.

Ni dai na sayi kwalabena. In hutu ya zo zan bi ta Kagoro, gama akwai mai bina bashin amsa.