Tseren Amundsen da Scott Zuwa Ƙuryar Kudancin Duniya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin tseren da aka yi tsakanin Roald Amundsen, mutumin Norwe, da Kyaftin Robert Scott na Ingila, wajen isa ƙuryar kudancin duniya da ke tsakiyar nahiyar Antatika. Za mu duba abin da ya sa ɗaya ya je ya komo lafiya, ɗayan kuwa ya halaka.

2.0 Mafarin Tseren

Jirgin ruwan Scott mai suna Terra Nova ya bar Ingila a watan Yuni na 1910. Shi kuwa Amundsen, da fari arewa ya yi niyya, amma da labari ya bazu a 1909 cewa Amurkawa biyu, Cook da Peary, kowannensu na da'awar ya isa ƙuryar arewa, sai ya juya akalarsa kudu a asirce. Sai da Scott ya isa Ostireliya sannan ya sami wayar da ke sanar da shi cewa ya yi abokin hamayya.

3.0 Bambancin Shiri

Tsakanin 1903 da 1906 Amundsen ya ratsa tekun arewacin Kanada, inda ya zauna da mutanen Inuwit, ya koyi sa tufafin fatu da sarrafa karnuka masu jan amalanken ƙanƙara, wato wanda ba shi da ƙafa, sulɓi yake yi. Da wannan ilimi ya tashi a watan Oktoba na 1911, su biyar da karnuka 52. Da suka hau tudu aka yanka 24 daga cikinsu, aka ciyar da sauran karnukan da mutanen.

Scott ya raba dogaronsa ga motocin ƙanƙara da ƙananan dawaki da karnuka kaɗan. Motocin suka lalace tun tafiya ba ta yi nisa ba. Dawakin kuma kofatonsu na nutsewa, ga shi ba ciyawa sai wadda aka ɗauko. Ala tilas aka harbe su. Daga bisani mutanen suka riƙa jan kayansu da ƙarfin ƙirji.

4.0 Sakamako

Amundsen ya isa ran 14 ga Disamba, 1911, ya komo sansaninsa ran 25 ga Janairu, 1912, ba tare da ya rasa mutum ko ɗaya ba. Scott da mutanensa huɗu sun isa ran 17 ga Janairu, 1912, suka tarar da tutar Norwe a kafe. A hanyar komowa yunwa da sanyi suka ci ƙarfinsu, ga kananzir ya yi ƙaranci. Evans ya fara rasuwa, Oates kuma ya fice daga tanti don kada ya zame wa 'yan'uwansa kaya. Scott da Wilson da Bowers suka cika a ƙarshen Maris, saura mil 11 su kai ma'ajiyar abinci. Sai a watan Nuwamba aka gano gawarwakinsu.

Sai dai adalci ya wajabta a ambaci cewa sanyin watan Maris na shekarar ya wuce yadda aka saba. Haka kuma ayarin Scott ya haɗa da binciken kimiyya. An sami duwatsu masu ɗauke da burbushin tsirrai a amalankensu, waɗanda suka nuna cewa Antatika ta taɓa zama ƙasa mai itatuwa.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, za a ga cewa duka ayarin biyu ba su rasa jaruntaka ba. Abin da ya bambanta su shi ne, Amundsen ya ƙasƙantar da kai ya ɗauki darasi daga mutanen da suka gaji zaman ƙanƙara kaka da kakanni, alhali Turawan zamaninsa da yawa ba su ɗauke su a bakin komai ba. Masu iya magana dai sun ce, da ɗan gari akan ci gari.