Darasin Tarihi: Mulki a Hannun Mutum Biyu

 

Ya ku ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan shafi tare da 'ya'yansu, darasinmu na wannan fitowa a kan mulki ne. Kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma asalinta ɗaya da kalmar da ke nufin mallaka. To, a nan ne mai mulki yakan fara ruɗuwa, don sai ya ɗauka tun da an ba shi iko a kan mutane, ai ya mallake su ke nan. Ku duba Suratu Ali Imrana aya ta 26, za ku ga wanda yake ba da mulki da wanda yake karɓe shi. Ku kuma duba Suratun Nisa'i aya ta 58, inda aka haɗa umurnin mayar da amana da umurnin yin hukunci da adalci a wuri guda. Abin da aka ba ka kuma za a karɓe, sunansa aro ko ajiya. Domin ku ga haka a aikace, bari mu ɗauko mutum biyu da suka yi zamani ɗaya a daular Banu Umayya, har suka yi aiki ƙarƙashin sarki ɗaya.

Na farko shi ne Hajjaju ɗan Yusufa Assaƙafi, mutumin Ɗa'ifa. Malaman tarihi sun ce da farko malamin yara ne, yana koyar da Alƙur'ani kamar yadda muke yi a nan. Ni kam duk lokacin da na zo wurin nan a karatu sai jikina ya yi sanyi. Daga baya ya shiga aikin soja, Halifa Abdulmaliku ɗan Marwana ya ga zafinsa da biyayyarsa, sai ya tura shi Makka yaƙar Abdullahi ɗan Zubairu (R.A.). Hajjaju ya kewaye garin watanni, ya kafa majaujawar jifa a kan duwatsu, har jifa ta riƙa samun Ka'aba. A shekara ta 73 bayan Hijira (692 Miladiyya) aka kashe Ibnu Zubairu, aka tsire gawarsa. Mahaifiyarsa Nana Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙu, tana da shekara wajen 100, ta tsaya gaban Hajjaju ta faɗa masa gaskiya ba ta ji tsoro ba.

A shekara ta 75 aka ba shi Iraƙi. Ran da ya shiga Kufa ya hau mumbari fuskarsa a rufe da rawani, ya yi shiru har mutane suka fara raina shi, sannan ya buɗe baki da barazanar fille kawuna. Da haka ya riƙe su shekara 20. Kada ku ɗauka bai yi aiki ba fa. Shi ya gina birnin Wasiɗ, ya kula da noma da gyaran magudanan ruwa, shi ya tura Muhammadu ɗan Ƙasim ƙasar Sindi, kuma a zamaninsa aka yi aikin sa ɗigo a haruffan Mus'hafi domin sauƙaƙa karatu. Abin da ya ɓata shi shi ne, a wurinsa duk wanda ya ja da sarki jininsa ya halatta. Har ta kai shi ga cewa manoman da suka musulunta suka koma birane, ya kora su ƙauyukansu, ya ci gaba da karɓar jiziya a hannunsu, don kada kuɗin shiga su ragu. Kun ga an kai matsayin da baitulmali ya fi Musuluntar mutum daraja.

Na biyu shi ne Umaru ɗan Abdul'azizu. Ubansa gwamnan Masar ne, ta wajen uwa kuma jinin Sayyadina Umaru ɗan Haɗɗabi ne (R.A.), domin mahaifiyarsa 'yar Asimu ɗan Umaru ce. A Madina ya yi karatu. Ɗan gata ne na sosai, an san shi da tufafi masu tsada da turare, kuma ya auri Faɗimatu 'yar Halifa Abdulmaliku. Da Halifa Walidu ya naɗa shi gwamnan Madina a shekara ta 87, abin da ya fara yi shi ne kiran manyan malaman garin mutum 10, cikinsu akwai Urwatu ɗan Zubairu da Ƙasimu ɗan Muhammadu da Salimu ɗan Abdullahi. Ya gaya musu ba zai yanke wani al'amari ba sai da shawararsu, kuma in sun ji wani ma'aikacinsa ya yi zalunci su kawo masa labari. Wato shi da kansa ya nemo masu taka masa birki, alhali ba wanda ya tilasta shi.

Amma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, ni kuwa ina ganin ɓoye shi rage amfanin darasi ne. Halifa Walidu ya aiko masa da umurni ya yi wa Hubaibu ɗan Abdullahi ɗan Zubairu bulala. Umaru ya bi umurni, aka yi bulalar, aka kwara masa ruwa a rana mai tsananin sanyi, mutumin ya mutu. An ruwaito cewa wannan abu bai bar zuciyar Umaru ba har ƙarshen rayuwarsa, in an yabe shi sai ya tuna Hubaibu. To, idan mutum irin Umaru ya faɗa cikin wannan don kawai an ce masa daga sama ne, ina ga ni da ku? Kai da aka ba ka monita a aji, aka ce ka rubuta sunan masu surutu, sai ka tsallake abokinka ka rubuta wanda kuka yi faɗa jiya, kada ka ce wannan labarin manya ne.

Yanzu ga inda hanyoyin mutanen nan biyu suka haɗu. Mutanen Iraƙi da suka gaji da Hajjaju sai suka riƙa gudowa Makka da Madina suna fakewa. Umaru ya rubuta wa Halifa yana kai ƙarar zaluncin Hajjaju. Shi kuma Hajjaju ya rubuta cewa 'yan tawayen Iraƙi sun sami mafaka a Hijaz, wannan kuwa rauni ne ga daula. Maganar wa kuke jin aka ɗauka? Ta Hajjaju. A shekara ta 93 aka cire Umaru. Sabon gwamnan Makka, Halidu Alƙasri, ya kama masu gudun hijirar, cikinsu har da babban malamin tafsiri Sa'idu ɗan Jubairu, almajirin Ibnu Abbas, wanda ya taɓa shiga tawayen Ibnul Ash'as. Aka kai shi Wasiɗ, Hajjaju ya sa aka kashe shi. Shi ma Hajjajun bai daɗe ba bayan haka ya mutu, a shekara ta 95 (714 Miladiyya).

Shekara huɗu bayan nan, Halifa Sulaimanu yana kan gadon mutuwa, wani malami mai suna Raja'u ɗan Haiwata ya ba shi shawara ya bar wa Umaru halifanci. Haka aka yi a watan Safar na shekara ta 99 (717 Miladiyya). Wanda aka kora daga gari ɗaya, ga shi an ɗanƙa masa ƙasa tun daga Andalus har Sindi.

Da gidansa ya fara. Ya ba matarsa Faɗimatu zaɓi tsakanin kayan adon da mahaifinta ya ba ta da zama da shi, ta zaɓe shi, aka kai kayan baitulmali. Ku tuna wace ce wannan mata: kakanta halifa, ubanta halifa, 'yan'uwanta maza huɗu sun yi halifanci. Ya mayar da gonakin da ya ga ba ta hanyar hakki suka zo hannunsa ba, sannan ya juya kan danginsa Banu Umayya ya ce su ma su mayar da abin da suka ƙwace. Ransu ya ɓaci ƙwarai, suka turo masa gwaggonsa ta roƙe shi, bai janye ba. Hikimar a fili take: da ya fara da su kafin kansa, da sun sami bakin magana.

Sannan ya warware abin da Hajjaju ya ƙulla. Ya hana karɓar jiziya daga duk wanda ya musulunta. Da wani gwamnansa ya koka cewa kuɗin shiga za su ragu, sai ya tunatar da shi cewa shiryar da mutane aka aiko Annabi (S.A.W.) ya yi, ba a aiko shi tara haraji ba. Ya hana zagin Sayyadina Aliyu (R.A.) a kan mumbari, abin da aka daɗe ana yi, aka maye gurbinsa da aya ta 90 ta Suratun Nahli, wadda har yau kuke jin limamai da yawa suna rufe huɗubar Juma'a da ita. Ya dawo da rundunar da ta galabaita da yunwa da sanyi a bakin ganuwar Ƙusɗanɗiniyya. Ya kuma rubuta wa Abubakar ɗan Hazmi a Madina ya tattara hadisai a rubuce, don gudun kada ilmi ya tafi da mutuwar malamai.

Duk wannan a cikin shekara biyu da wata biyar ne. Ya rasu a watan Rajab na shekara ta 101 (720 Miladiyya) a Dairu Sam'ana ta ƙasar Sham, yana da shekara wajen 40, kuma masu tarihi da dama sun ruwaito cewa guba aka sa masa. Wanda ya gaje shi, Yazidu ɗan Abdulmaliku, ya sauya gwamnoni da yawa, abubuwa da dama suka koma yadda suke a da. An ce ya yi wa 'yar'uwarsa Faɗimatu tayin mayar mata da kayan adonta daga baitulmali, ta ƙi karɓa, ta ce abin da ta bari da yardar ranta mijinta yana raye ba za ta koma masa ba don ya mutu.