Farin Tabo a Fata: Kyasbi, Kuturta ko Limfoma?

Manomi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi idan ya ga fararen tabo a cinyarsa, abin da zai fara kawowa a ransa shi ne kyasbi. Zai sayi man shafawa a kemis, tabon ya dusashe, bayan 'yan watanni ya dawo. Daga nan sai tsoron kuturta ya shige shi, ya riƙa ɓoyewa. Akwai kuwa cuta ta uku wadda ba kasafai ake samunta ba, mai kama da waɗannan biyun, ita ce limfomar fata.

Mece Ce Limfomar Fata?

A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu kare jiki da ake kira limfosait. Idan wani rukuni nasu ya lalace, ya shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, an sami sankarar da ake kira limfoma. Galibi a kaluluwa take farawa, amma wani lokaci fata take fara kamawa. Nau'in da ya fi yawa a fata shi ne maikosis fungoidis, wanda likitan Faransa Jean-Louis Alibert ya bayyana a 1806. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma tafiyar hawainiya yake yi: daga tabo mai ƙaiƙayi zuwa kauri, daga kauri zuwa ƙari, cikin shekaru. A jikin baƙar fata yakan fito fari-fari, musamman ga yara da matasa, kuma ya fi son wuraren da tufafi ke rufewa, kamar ɗuwawu da cinyoyi.

Matakan Ganewa

Mataki na farko da auduga ake yinsa, irin wadda Funtuwa ta yi suna a kanta. Majinyaci zai rufe ido, a shafa masa ita a kan tabon. Tabon kuturta yakan rasa ji. Na limfoma yana ji sarai. Kyasbi kuwa, kankaro ɓawonsa ake yi a duba a madubin likita, sai a ga fangas ɗin da ke haddasa shi.

Idan an kawar da waɗannan, sai a yi bayofsi, wato a kashe wurin da allura a yanko ɗan ƙanƙanin fata. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, yana da sashen binciken irin wannan. Abin da masani ke nema shi ne gurɓatattun limfosait da suka hauro saman fata suka yi jerin gwano ko suka taru gungu-gungu. Akan ƙara da rini na musamman mai nuna alamomin CD3, CD4 da CD8, don a san jinsin ƙwayoyin.

A nan ne man shafawa ke yin ɓarna. Mayuka da yawa, har da na bilicin, suna ɗauke da sitiroid, wanda ke korar ƙwayoyin daga fata na ɗan lokaci, sai gwaji ya fito kamar babu komai. Shi ya sa likita kan sa a dakatar da shafa na makonni 2 zuwa 4 kafin yanka, kuma sau da yawa sai an maimaita gwajin.

Kammalawa

Wanda aka gano cutarsa tun tana ƙananan tabo yakan yi tsawon rai kamar kowa, da maganin shafawa ko gashin haske na asibiti. Saboda haka, duk tabon da ya yi watanni yana bijire wa magani, a kai shi gaban likitan fata, kuma a tafi da kwalayen mayukan da aka shafa.