Kafin ku ba alƙalin wasa maki

'Yan'uwa masu riƙe da ƙananan kulob a Nima, Maamobi da Agbogbloshie, don Allah kada ku auna alƙalin wasa ranar da aka ci ku. Ku bari zuciya ta huce. Washegari mutum biyu da suka kalli wasan tun daga farko su zauna su rubuta.

Alƙalin ya bi ƙwallo da gudu, ko ya kafe a tsakiyar fili? Ƙetar da ya ɗaga wa yaronku kati a kanta, ya ɗaga wa na abokan karawa? Wannan ne ya fi komai nauyi a wurina. Satar gida kuwa, in babu mataimaka a gefe, ku yi masa uzuri.

Tun da Anas Aremeyaw Anas ya fallasa alƙalan wasa masu karɓar na goro a 2018, bakin kowa "an saye shi". Zargi ba hujja ba ne, kuma fushi kan alƙalanci ya taɓa cin mu: ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts da Kotoko, sama da mutum 120 suka rasu, da yawansu 'yan Nima.

Ku rubuta minti da abin da ya faru, har da inda alƙalin ya kyauta, ku miƙa wa masu shirya gasar.