Takalmin Taya da Gogayya

Wani mai sauraronmu daga Kano yana tambaya, shin gogayya tana hana takalmin taya gudu ne, ko taimaka masa take yi?

To malam, duka biyun take yi. A cikin kowace taya akwai boris, irin wanda masu gyaran keke suka sani, kuma aikinsa rage gogayya domin tayar ta juya sumul. Da yashi ya shiga cikinsa za ka ji yana ƙara, gudun kuma ya ragu.

Amma tsakanin taya da ƙasa, gogayyar ce ke riƙe da kai. Idan ka tokare ƙafa a karkace don ka tura jikinka gaba, ita ke hana tayar zamewa gefe. Da ita ake shan kwana, abin da ya yi sauƙi tun da James Plimpton na Amurka ya fito da takalmi mai taya huɗu a 1863. Birkin roba da ke jikin takalmin ma ƙasa yake gurza har ka tsaya. Ruwa kuwa yana rage wannan gogayya, shi ya sa jiƙaƙƙen siminti ke kayar da ko gwani.

Don Allah, in an yi ruwa ka haƙura sai ƙasa ta bushe, kuma kada ka hau ba hular kwano.